Shin lauya zai iya sayen sunayen magada don ya samu aikin gado?

Wani ƙanena a sana'ar lauya, wanda ya buɗe ofishinsa a Kano shekara biyu da suka wuce, ya aiko mini da tambaya. Ya ce yana son ya mayar da hankali kan shari'ar gado da takardun dukiyar mamaci, amma aikin ba ya zuwa. Ya ci karo a intanet da kamfanoni, yawancinsu na Amurka, da ke sayar wa lauyoyi sunaye da lambobin wayar mutanen da aka yi wa rasuwa suke kuma neman lauya. Yana tambaya ko zai iya bin wannan hanya a nan, in kuma ba ta yiwuwa, ta ina zai ɓullo.

Barista, na ji daɗin da ka tambaya kafin ka sa kuɗinka. Amsata ita ce kada ka sayi sunan kowa, kada kuma ka sa wani ya tattaro maka. Amma ba zan tsaya a "kada" ba, domin na san abin da ake ji idan kuɗin hayar ofis ya kusa ƙarewa kuma ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa tun safe. Bari in fara da abin da ka gani, don ka san yadda yake aiki a inda aka ƙirƙiro shi.

A Amurka, idan mutum ya rasu ya bar dukiya da sunansa, yawanci sai an buɗe fayil a kotun gundumar da yake zaune, kuma wannan fayil a buɗe yake ga jama'a. Ana iya ganin sunan mamaci, da sunan wanda ya nemi a ba shi ragamar dukiyar, sau da yawa har da adireshinsa. A jihohi da dama kuma doka ta ce a buga sanarwa a jarida don masu bin mamaci bashi su fito. Daga nan wasu kamfanoni suke kwasar sunaye, su haɗa da sanarwar rasuwa da iyalai ke bugawa, su sayar. Lauyoyi ba su ne kaɗai masu saye ba, dillalan gidaje ma suna rububinsu, don sun san magada kan so su sayar da gidan da suka gada. Nau'i na biyu shi ne kamfani ya biya Google ko Facebook kuɗin talla, wanda aka yi wa rasuwa ya cike fom yana neman taimako, sai a sayar da bayanansa ga lauya. Wani lokaci lauya ɗaya ake sayar wa, da tsada. Wani lokaci kuwa mutum uku ko huɗu ake sayar wa suna ɗaya, sai wayar baiwar Allah da mijinta ya rasu makon jiya ta shiga ƙara ba ƙaƙƙautawa, kowa na son ya riga ɗan'uwansa.

Can ɗin ma ba sakaka abin yake ba, kuma sai da aka yi ta shari'a a kansa. A 1977 ne Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Bates da ƙungiyar lauyoyin Arizona, ta ce lauya yana da 'yancin tallata aikinsa. Shekara ɗaya bayan haka, a shari'ar Ohralik, ta amince a hukunta lauyan da ya bi 'yan matan da suka yi haɗarin mota, ɗaya har gadon asibiti, yana neman su ba shi aiki. A 1988, a shari'ar Shapero, ta halatta aika wasiƙa kai tsaye ga wanda aka san yana da matsalar shari'a. Sai kuma 1995, inda ta goyi bayan dokar jihar Florida da ta hana lauya aika irin wannan wasiƙa ga wanda haɗari ya rutsa da shi ko danginsa sai bayan kwana 30. Ƙa'idar ƙungiyar lauyoyin Amurka a yau ta yarda lauya ya biya kuɗi a kawo masa masu neman lauya, da sharaɗin kamfanin ba zai ce wa mutum "wannan lauyan ne ya fi" ba, ba kuma za a raba kuɗin aiki da shi ba. Zuwa wa mutum gaba da gaba ko kiransa a waya don neman aiki kuwa, har yanzu haramun ne, sai a 'yan wurare kaɗan da aka keɓe.

To mu a Najeriya ba mu bi su har can ba. Ka buɗe kundin ƙa'idojin aikin lauya na 2007, wanda aka sabunta a 2023, ka sake karanta ƙa'ida ta 39. Ta yarda ka yi talla matuƙar tana da mutunci, babu ƙarya, babu kwatanta kanka da wasu lauyoyi, babu alfahari da yawan shari'un da ka ci. Amma ta hana ka neman aiki kai tsaye ko ta bayan fage, ko da takardar rabawa, ko da 'yan kamasho, ko ta tunkarar mutum da kanka. Ƙa'ida ta 47 ta hana ka farautar masu ƙara ko ba wani lada don ya turo maka su. Ta 53 ta ce kuɗin aikin lauya da lauya kawai ake raba shi. Ka ɗora wannan a kan abin da kamfanonin nan suke sayarwa, za ka ga kusan duk abin da ke cikin buhun ya faɗa ƙarƙashin ɗaya daga cikin ukun. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ba ta yarda a riƙa cinikin lambar wayar mutum da bayanan gidansa ba tare da hujja ko yardarsa ba. Kwamitin ladabtar da lauyoyi yana iya dakatar da mutum, yana iya soke sunansa gaba ɗaya. Shekarun da ka yi a jami'a da makarantar horas da lauyoyi sun fi ƙarfin a jefa su a wannan caca.

Ko da doka ba ta hana ba, ba na jin abin zai yi maka aiki a Kano, kuma wannan shi ne ɓangaren da na fi so ka fahimta.

Shekarun baya na je ta'aziyyar wani ɗan kasuwa a cikin birni. Ranar uku ce, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana ta shigowa ana addu'a ana tashi. Sai wani matashin lauya ya zo, ya yi gaisuwa kamar kowa, da zai tafi ya sunkuya ya sanya wa babban ɗan mamacin kati a aljihun gaba, ya ce masa a hankali idan an zo maganar gado a neme shi. Yaron bai ce komai ba. Ƙanen mahaifinsa da ke gefe ne ya zaro katin, ya duba, ya ajiye shi a ƙarƙashin tabarma. Kafin la'asar duk wanda ke wurin ya ji labari. Dukiyar tana da yawa, aikin kuma daga baya ya kai ga lauya, amma ba shi ba. Abin da ya fi damuna shi ne matashin lauyan ba mugu ba ne, wani ne ya gaya masa haka ake neman aiki.

A wurinmu ba a tunanin lauya ranar rasuwa. Ana jana'iza, a yi zaman makoki, mata su shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Idan an tashi rabo, malamin unguwa ko limami ake fara kira, ko a tafi kotun shari'ar Musulunci alƙali ya raba. A fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a cika wasiyya idan akwai, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, sannan kowa ya karɓi rabonsa, mata su ɗauki tumuninsu idan akwai 'ya'ya. Gidaje da yawa suna gama wannan lafiya lau ba tare da lauya ya san an yi ba, kuma haka ya kamata. Sunan da za ka saya a makon rasuwa, sunan mutumin da ba ya bukatarka ne tukuna, watakila ma ba zai taɓa bukatarka ba.

Ana neman lauya ne ranar da aka tarar da ƙofa a rufe. Magada sun je banki da takardar shaidar rasuwa, an ce musu ba za a taɓa asusun ba sai sun kawo takardar kotu mai ba da izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ma'aikatan banki ke kira leta of administireshan. Sun je kamfanin fansho, an ba su jerin takardu. Sun samu tsofaffin takardun hannun jari a cikin akwatin baba, ba su san wa za su nufa da su ba. Sun sayar da gida, mai saye ya ce sai an sauya sunan da ke kan takardar mallaka a KANGIS, hukumar da ke rajistar filaye a jihar Kano. Ko kuma an bar gado shekara goma sha biyar ba a raba ba, biyu daga cikin magada sun rasu sun bar nasu magadan, lissafi ya hau kan lissafi, wani wa kuma ya riƙe kuɗin hayar shaguna yana cewa shi ke kula da gida. Waɗannan su ne lokutan da ake cewa "ku nemi lauya". Yawanci wata uku ne, ko shida, ko shekaru bayan rasuwar. Aikinka shi ne idan aka faɗi wannan kalma a ko'ina cikin garin nan, sunanka ya kasance cikin waɗanda za su zo wa mai maganar a baki, ba tare da ka biya shi sisin kwabo ba.

Ta yaya? Da farko ka iya aikin fiye da yadda ake tsammani. Wannan fanni ne da lauyoyi da yawa suke yi wa kallon ƙaramin abu, suna tura shi ga magatakarda. Ka je sashen da ke kula da takardun gado a babbar kotun jiha, ka san fom ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, ka san yadda ake samo takardar da banki ke cikewa ya bayyana abin da ke cikin asusu, da yadda ake ƙiyasta kuɗin da gwamnati ke karɓa, da maganar masu tsaya wa mai neman takardar, da sanarwar da ake bugawa a jira ko wani zai yi ƙorafi. Kowace jiha da tsarinta da kasonta, don haka abin da ka sani na Kano kada ka ɗauka shi ne na Kaduna ko Abuja. Sannan ka zauna gaban malami ka karanci ilimin gado da gaske, har ka iya warware mas'alar da magaji ya rasu kafin rabo. Lauyan da ya iya tsayawa gaban alƙalin kotun Musulunci da safe ya yi magana da harshen fiƙihu, da rana kuma ya rubuta wa sashen shari'a na banki wasiƙar da ba za su dawo da ita ba, irinsa ba su da yawa. Wannan gibin shi ne kasuwarka.

Daga nan sai ka koyar da mutane a fili. Ƙa'ida ta 46 ta ba ka damar yin rubutu a jarida da shiga shirin rediyo ko talabijin kana bayanin doka, muddin ba ka mayar da shirin wurin ba mutum ɗaya shawara a kan shari'arsa ba. A garin da kowane mai shago da direban adaidaita sahu yake da rediyo a kunne, wannan ba ƙaramar dama ba ce. Haka shafinka na Facebook, da gajeren bidiyo da Hausa wanda mutum zai iya tura wa ƙanwarsa ta WhatsApp. Kada ka yi maganar kanka. Ka ɗauki tambaya ɗaya ka amsa ta har ƙarshe. Misali, mutane da yawa sun ɗauka wanda mamaci ya rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusancinsa shi ne zai ci kuɗin. Ba haka ba ne, shi wanda za a tuntuɓa ne kawai, kuɗin na magada ne gaba ɗaya, kuma wannan rashin fahimta ta raba zumunci a gidajen da na sani. Ko ka yi bayani cewa dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na abin da ma'aikaci ke samu a shekara ba, don haka iyalin da maigidansu ya rasu yana bakin aiki suna da haƙƙi biyu, na asusun fansho da na inshora, kuma da yawa na farkon kawai suke nema. Ko ka faɗa musu cewa tun dokar kuɗi ta 2020, ribar hannun jarin da ta kai shekara shida ba a karɓa ba tana komawa wani asusun amana na gwamnati, amma mai ita ko magajinsa yana da damar nema. Duk wanda ya ji wannan daga bakinka ya gane akwai abin da ka sani, kuma ba ka roƙe shi komai ba.

Shafin intanet ma ka yi, ko da ƙarami ne, ka sa ofishinka a taswirar Google da lambar waya da lokacin buɗewa. Akwai bambanci babba tsakanin mutumin da ya nemo ka da wanda ka nemo. Ɗan mamacin da ke aiki a Legas, ko yake Jidda, ko Landan, shi ne sau da yawa ake ɗora wa nauyin takardu, kuma shi waya zai ɗauka ya bincika. Idan ya tarar da bayani mai tsabta da Hausa da Turanci kan abin da ake bukata kafin banki ya saki kuɗin mamaci, zai kira. Wannan ita ce irin hanyar da kamfanonin can suke sayarwa, sai dai a nan kai ka gina ta da hannunka, mutumin kuma shi ya zo da ƙafarsa. Ka kiyaye kalmomin da kake sawa: ban da "lauyan da ya fi kowa", ban da alkawarin za a ci shari'a, ban da hoton cek ɗin wani.

Sai maganar mutanen da ke tsaye a bakin ƙofofin da na ambata. Ma'aikacin banki, jami'in fansho, akanta, mai kimanta gidaje, limami, mai unguwa, shugabar ƙungiyar mata, da manyan lauyoyin da ba sa son aikin gado saboda yana cin lokaci. Waɗannan su ake tambaya "wa ka sani?" Ka san su, su san ka, ka amsa tambayarsu idan sun kira ko da babu ko kwabo a ciki. Idan ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta malaman makaranta ta gayyace ka ka yi bayani kan rubuta wasiyya da rubuta bashi, ka je. Amma a nan ne tarkon yake, kuma ina so ka ji ni da kyau. Ranar da wani a cikinsu zai ce maka "Barista, idan na turo, nawa ne nawa?" ka ce masa babu, cikin ladabi, kuma kada ka sauya. Zai yiwu ya daina turowa. Wanda yake turo mutane don kamasho ba ya duba wanda ya fi iya aiki, wanda ya fi biya yake dubawa, kuma kuɗin da za ka ba shi daga rabon marayu zai fito ko ka so ko ba ka so. Da lauya ɗan'uwanka kawai za ka iya raba kuɗi, shi ma gwargwadon aikin da kowa ya yi.

Bari in ba ka labarin wata mata. Ta zo ofishina da yamma, da ƙaramin yaro a hannu da baƙar leda cike da takardu. Mijinta ma'aikaci ne, ya rasu wata bakwai kafin nan. Ta zazzage ledar a kan tebur: katin asibiti, takardar ɗaukar aiki da ta yi laushi saboda ninkewa, tsohon littafin cek, da wata takarda da aka rubuta mata abubuwa tara da za ta kawo, an ja layi a ƙarƙashin uku. Ta yi zuwa biyar ana ce mata ta dawo. Da na duba, sai na ga abin da ke asusun bankin bai kai ya ɗauki kuɗin lauya ba. Na gaya mata haka ƙarara. Na rubuta mata da Hausa ofishin da za ta fara zuwa, da abin da za ta ce, da wanda ya kamata ya raka ta daga dangin mijin don kada a samu saɓani daga baya. Na kuma nuna mata cewa akwai kuɗin inshora da ba wanda ya ambata mata, na rubuta wasiƙa ɗaya zuwa wurin aikin mijin. Ban karɓi komai ba. Bayan kusan shekara sai ga wani dattijo ya zo da maganar gidaje huɗu da gona da ba a raba ba tun rasuwar mahaifinsu, ya ce 'yar ƙanwarsa ce ta ce ya zo wurina. Ita ce. Wannan aikin ya riƙe ofishina tsawon lokaci, kuma daga gidansu wasu uku suka biyo baya. Ban yi mata don haka ba, kuma da dattijon bai zo ba ma da ban yi nadama ba, amma na lura a wannan fanni kusan duk babban aikin da na samu ta irin wannan hanya ya zo.

Dalili kuwa a bayyane yake. Fayil ɗaya na gado yana haɗa ka da mutum goma, wani lokaci talatin, kowannensu da gidansa da surukansa. Duk suna kallon yadda kake riƙe amana. Suna lura ko kana ɗaga waya, ko kana faɗa wa matan da ke cikin gida abin da ake ciki ko da maza kawai kake magana, ko kuɗin da ya shigo ta hannunka ya kwana a asusun banki da ka keɓe don kuɗin mutanen da kake wa aiki ko ya bi ta aljihunka. Ka rubuta kuɗin aikinka tun ranar farko, ka raba shi da kuɗin da gwamnati za ta karɓa don kada su ɗauka duka naka ne, ka ba da rasit. Ka bayyana tun farko wa kake wakilta: dukkan magada ne a kan takardu, ko ɓangare ɗaya a kan rigima. Idan ka fara a matsayin lauyan kowa sannan rikici ya ɓarke, ba za ka koma ka zama lauyan babban wa a kan ƙannensa ba. Kuma duk inda sulhu zai yiwu, ka tura su ga sulhu, ko da shari'a ta fi kawo maka kuɗi. 'Yan'uwan da suka fita ofishinka suna gaisawa za su turo maka mutane. Waɗanda ka kai su shekara shida a kotu har gidan ya ƙare a kuɗin shari'a, ko wanda ya ci ba zai so ya sake ganin fuskarka ba.

Wani abu da kamfanonin Amurka suka gane, wanda ya kamata ka ɗauka daga wurinsu, shi ne saurin amsawa da kuma lissafi. Wanda ya kira ofis bai samu kowa ba, wani zai kira. Ka sa wanda zai ɗaga waya da ladabi, ya yi ta'aziyya kafin ya tambayi komai, ya rubuta suna da abin da ake bukata, kai kuma ka kira a ranar. Sannan ka sayi littafi guda, duk wanda ya shigo ka tambaye shi wa ya turo shi ko a ina ya ji labarinka, ka rubuta. Bayan wata shida ka zauna ka duba. Za ka ga ko rediyo ne ke kawo mutane, ko bidiyon da ka yi kan asusun banki, ko wani akanta guda ɗaya da ka taɓa taimaka wa. Inda ka ga ruwa na fitowa, nan za ka ƙara haƙa, sauran ka rage musu lokaci.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan hanya tana da jinkiri. Shekarar farko za ka yi ta amsa tambayoyin da ba su kawo kuɗi ba, don haka kada ka saki sauran ayyukan da ke biya maka haya tukuna, irin su yarjejeniyar haya da cinikin fili da rajistar kamfani. Su ma ƙofa ce, domin wanda ka rubuta wa takardar cinikin gida yau, shi ne za ka iya tambaya ko ya rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, ko iyalinsa sun san inda takardun suke. Ranar Litinin ka fara da zuwa rajistar kotu ka karɓo fom ɗinsu duka, ka zauna ka cike su da sunan da ka ƙirƙira har ka san inda mutane ke yin kuskure. Idan ka gama ka kawo mini mu duba tare, ina ofis bayan azahar.